Yadda Muka Buga 'Yar Mujalla da Matasa, Daga Neman Ɗaki Har Raba Kwafi

Tun da muka fitar da 'yar mujallarmu mutane ke tare ni da tambayoyi iri ɗaya: ta ina ake farawa, wa ake gani, wace takarda ake kaiwa? Yawancin masu tambayar malaman makaranta ne da 'yan sa-kai irina, waɗanda ke tare da yara masu zane da rubutu amma ba su san yadda za a mai da aikin nasu abin da za a riƙe a hannu a karanta ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da muka bi daki-daki. Mu dai matasa 12 ne a ƙungiyar, 'yan shekara 14 zuwa 19, sai ni da wata malama da ke taimaka mini, kuma abin da muke so shi ne ƙaramar mujalla irin wadda Turawa ke kira zin, wadda masu ita ke rubutawa, su zana, su ninke, su raba da hannunsu.

Wurin da na fara zuwa shi ne cibiyar da ke gudanar da shirye-shiryen fasaha na al'umma, inda ake koyar da zane da wasan kwaikwayo da ɗaukar hoto. Da na ce wa mai karɓar baƙi muna neman ɗaki, sai ya tura ni wurin mai ba da hayar zaure, shi kuma ya miƙo mini takardar farashi ta awa-awa, wadda ko kusa ba za mu iya ba. Sai da wani mai gadi ya ji bayanina ya ce, “Malam, ai ba nan za ka je ba, ofishin shirye-shirye za ka nema.” Hayar ɗaki daban, shiga cikin shirin cibiya daban. Idan aka karɓe ku a matsayin shiri, ɗaki da tebura da wuta duk suna cikin abin da za a ba ku, har kuna iya neman ɗan tallafin kayan aiki. Don haka tun daga ƙofa ka ce mai kula da shirye-shiryen matasa kake son gani.

Hajiyar da ke riƙe da ofishin ta saurare ni da kyau, amma na lura kalmar mujalla ta tsorata ta. A tunaninta abu ne mai sheƙi da launuka wanda zai cinye kasafin shekara. Na yi mata bayanin cewa wannan sana'a tun asalinta ta marasa kuɗi ce: masu sha'awar labaran ƙagen kimiyya a Amurka ne suka fara ta a wajajen 1930, suna gurza 'yan shafuka suna aika wa juna ta gidan waya, sannan a shekarun 1970 matasa masu kiɗan da Turawa ke kira punk a Ingila da Amurka suka ɗauke ta da almakashi da gam da injin fotokofi. Ta gyaɗa kai kawai. Abin da ya sauya fuskarta shi ne da na ɗauki falle ɗaya na takardar A4 a kan teburinta, na ninke shi gida takwas, na tsaga tsakiyarsa sau ɗaya, na tura gefunan suka haɗu, sai ga ɗan littafi mai shafi 8. Ta juya shi a hannunta ta ce, “Wannan ne? To ai wannan za mu iya.” Daga ranar ban sake shiga wani ofis ba tare da samfuri a aljihuna ba, domin mutum ya fi saurin amincewa da abin da ya taɓa.

Ta ba ni fom da jerin takardun da zan haɗo: bayanin shirin a shafi ɗaya, jadawalin zama, kasafin kuɗi, kwafin katin shaida na manyan da za su zauna da yaran, wasiƙa daga wani da ya san halinmu, da takardar amincewar iyaye ga duk wanda bai kai shekara 18 ba. Ta kuma gaya mini ƙa'idarsu, cewa babba ɗaya ba ya zama da yara shi kaɗai, dole su zama biyu, ƙofa kuma a buɗe. A wasu ƙasashen har takardar binciken 'yan sanda ake nema, kuma tana ɗaukar lokaci, saboda haka a tambaya da wuri. Ban ji haushin ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba. Wanda zai karɓi amanar 'ya'yan mutane bai kamata ya ƙi a bincike shi ba.

Takardar amincewar iyaye ita ta fi cin lokaci. Fom ɗin cibiyar layi ɗaya ne, “na amince ɗana ya shiga shirin,” sai muka roƙi a bar mu mu raba shi uku: amincewa da halartar zama, amincewa da a buga aikin yaro da sunansa, da amincewa da a ɗauki hotonsa. Rabawar nan ta yi amfani sosai. Mahaifin wata yarinya ya ƙi sa hannu gaba ɗaya, sai da malamar ta je ta same shi. Ya ce mata, “Malama, ni ba karatun nake ƙi ba, sunan 'yata ne ba na so ya riƙa yawo a hannun waɗanda ban sani ba.” Ta ce, “Baba, to ka sa hannu a na farko, ta yi rubutunta da sunan alƙalami, hoto kuma babu.” Nan take ya amince. Da layi ɗaya ne da mun rasa ta, ita ce kuwa ta rubuta abin da aka fi magana a kai a fitowar. A bayanin shirin na ambaci Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda sashe na 13 ya ba yaro 'yancin bayyana ra'ayinsa da baki ko a rubuce ko a bugu ko ta zane, sashe na 31 kuma ya ba shi 'yancin shiga harkokin al'adu da fasaha. Hajiya ta ce jimlar nan za ta taimaka mata a gaban kwamiti, domin irin harshen da suke ji ke nan.

Kafin in rubuta ko da lamba ɗaya a kasafin kuɗi sai da na zaga wurin masu buga takardu. Hanya uku suka nuna mini. Babbar maɗaba'a sai an yi faranti, wato allon da ake ɗora siffar shafin a kai, ga kowane launi kafin injin ya juya, kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko kwafi 50 za a buga ko 5,000, don haka ba ta da riba ga mai son kaɗan. Akwai injin Risograph, ƙirar Japan, wanda ke gurza launi ɗaya a kowane zagaye, yana da araha idan kwafin ya ɗan yi yawa, launinsa kuma na da kyau, sai dai tawadarsa ba ta saurin bushewa, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Ta uku ita ce fotokofi baƙi da fari, wadda muka zaɓa. Wani dattijo mai shagon fotokofi ne ya koya mini lissafin da ya kamata kowa ya sani kafin ya fara. Falle ɗaya na A4 idan aka ninke shi biyu ya zama girman A5, yana ba da shafi 4, saboda haka yawan shafukan mujalla dole ya rabu da 4: 12, 16, 20, 24. Mu shafi 20 muka tsayar, wato falle 5, ɗaya na bango a kan kwali mai ɗan kauri, huɗu na ciki a kan takarda mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita. Kwafi 100 ke nan zai ci falle 400 na ciki da kwali 100. Rim ɗaya falle 500 ne, ragowar 100 ɗin kuwa su ne na gwaji da waɗanda injin zai cinye, kuma zai cinye. Kuɗin bugu kuma a kan fuska ake lissafa shi, ba a kan falle ba, don haka falle 500 gaba da baya bugu 1,000 ne. Na roƙe shi ya rubuta mini farashin a takarda mai hatimin shagonsa da kwanan wata, na maƙala a bayan kasafin. Bugu ya ɗauki fiye da rabin kuɗin, sauran ya tafi a alƙaluma da gam da almakashi da sitefula mai dogon hannu da kuɗin motar yaran da ke nesa. Kada a manta da wannan na ƙarshe, domin shi ke hana yaro zuwa alhali yana so, kuma ba zai faɗa ba.

Bayan na miƙa takardu sai jira. An ce kwamiti zai zauna ƙarshen wata, bai zauna ba, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. A lokacin ne na fi jin tsoro, domin matashi idan ka yi masa alkawari ya ga shiru, zuciyarsa takan koma wani wuri. Na koma wurin Hajiya na tambaye ta ko za a ba mu ɗakin kafin a yanke maganar kuɗi, tunda ba kwamiti ɗaya ke duba su ba. Ta duba jadawali ta ba mu yammacin da ba kowa. Muka fara da tsofaffin takardu masu fuska ɗaya fari, kowa ya yi ɗan littafinsa mai shafi 8 ya tafi da shi gida a zaman farko. Da amincewar ta fito sai na tarar tallafin kashi biyu ne, rabi yanzu, rabi bayan an kawo rahoto da rasit. Akanta ya ja mini kunne cewa duk abin da ba shi da rasit mai kwanan wata da sunan mai sayarwa, daga aljihuna ya fita. Na ware ambulan ɗaya don rasit kawai, kuma ina ɗaukar hoton kowanne da waya nan take, domin irin rasit ɗin da injin kanti ke fitarwa rubutunsa na gogewa da zafi.

Zaman aikin shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, kuma a nan ne babba ya fi bukatar riƙe hannunsa. Matasan ne suka zaɓi sunan mujallar da ƙuri'a, ba kuma sunan da na fi so ne ya ci ba. Su suka zaɓi editoci biyu da mai kula da zane da mai riƙe jerin shafuka. Muka yi yarjejeniya a kan gyara: kuskuren rubutu ana nuna wa mai shi ya gyara da kansa, ba a sauya masa jimla a bayan idonsa. Akwai yaron da ke rubutu kamar yadda yake magana, da gajerun jimloli masu tsalle, kuma sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayin daidaita masa su. Da na yi, da shafin ya zama nawa. Abu biyu kawai muka tsaya a kai ba sassauci. Na farko, ba a kama sunan mutum na gaske a zarge shi da laifi. Wani ya kawo labari mai zafi a kan wani babba da ya wulaƙanta shi, da suna da komai. Na zauna da shi na nuna masa cewa takarda idan ta fita ba ta dawowa, kuma shi za a fara nema kafin a nemi ni. Ya cire sunan da duk abin da zai sa a gane mutumin, ya bar zafin labarin yadda yake, mu kuma muka kai maganar ga mai kula da lafiyar yara ta cibiyar kamar yadda ƙa'idarsu ta ce, bayan mun sanar da shi za mu yi hakan. Na biyu, ba a ɗauko hoto ko waƙar wani daga intanet a manna. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka na tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ba. Da na juya musu maganar, cewa haka su ma zanensu nasu ne tun daga ranar da suka yi shi, sai suka fi kowa tsananta ta. A shafi na 2 muka rubuta cewa kowane aiki mallakar mai shi ne.

Masu zane kuma sai da suka koyi halin injin. Fensir mara ƙarfi da shuɗi mai haske kusan ɓacewa suke a fotokofi, ja kuwa baƙi yake komawa, inuwa mai laushi ta zama dabbare-dabbare. Muka gwada shafi ɗaya aka kawo kowa ya gani da idonsa, daga nan suka koma baƙin alƙalami, suna yin inuwa da ɗigo-ɗigo da layuka. Injin kuma ba ya bugawa har bakin takarda, yakan bar farin gefe na 'yan milimita, saboda haka muka ja layi santimita ɗaya daga kowane gefe muka ce kada wani abu mai muhimmanci ya tsallake shi.

Sharaɗin cibiyar ne shugabanta ya ga aikin kafin a buga, kuma wannan ganawa ita ce ta fi yi mini nauyi. Mutum ne mai son ci gaban wurin, ya kuma yaba ƙwarai, amma sai ya kawo shawarwari: a sa hotonsa da jawabin maraba a shafin farko, a ba wani ƙwararre ya sake tsara shafukan a kwamfuta don su yi kyau, a cire wata waƙa da ya ga ta cika baƙin ciki. Na tafi da editocin biyu, kuma na yi shiru da gangan. Yarinyar da ke cikinsu ta ce, “Ranka ya daɗe, idan aka ba wani ya gyara mana, in an tambaye mu wa ya yi, me za mu ce?” Ya yi dariya ya ce ta kama shi. A kan waƙar ni na yi magana, na ce yaron da ya rubuta ta ya yi rashi ne, kuma ita ce hanyar da ya samu ya faɗa, idan muka cire ta mun koya masa cewa farin ciki kawai ake son ji daga bakinsa. Aka tsaya a kan tambarin cibiyar da layin godiya a bangon baya, waƙar ta zauna, rubutun hannu ya zauna. Ina ganin duk mai irin wannan aiki zai gamu da wannan rana, kuma yawanci ba mugunta ke kawo ta ba, son a fita kunya ne. Abin da ya taimake mu shi ne tun a bayanin shirin na rubuta cewa matasan ne editoci, cibiya za ta duba abin da ya shafi doka da lafiyar yara kawai, kuma an sa hannu a kan haka.

Jera shafuka shi ne inda kai ke juyawa. Shafi na 1 ba ya zama kusa da na 2 a kan falle. A mujalla mai shafi 20, fallen waje na ɗauke da 20 da 1 a fuska ɗaya, 2 da 19 a bayansa, na biye 18 da 3, bayansa 4 da 17, haka har a kai tsakiya inda 10 da 11 ke haɗe. Duk shafi biyu da ke gefen juna idan ka tara lambarsu za ka sami 21, wato yawan shafuka da ƙarin ɗaya, kuma mai lambar mara koyaushe yana dama. Ba sai an haddace ba. A ninke farar takarda 5, a rubuta lamba a kowane shafi, a warware, sai jerin ya bayyana da kansa. Shafukan hannu muka yi musu sikanin a kan ɗigo 300 a kowane inci, waɗanda aka buga a kwamfuta kuma muka tsara su a Scribus, manhajar da ake saukewa kyauta. Mai rubutu da Hausa ya kula da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowane salon rubutu ke da su ba, kuma idan ka kai fayil ɗin da ake iya gyarawa, kwamfutar shagon na iya mai da su akwatuna. A mai da komai PDF tare da salon rubutun a cikinsa kafin a bar gida.

Ranar bugu na tafi da matasa uku. Na ce wa dattijon kwafi ɗaya tak muke so tukuna, muka ninke shi a nan gabansa muka karanta daga bango zuwa bango. Fuskar baya ta kowane falle ta fito a kife, saboda injin na juya takarda ta dogon gefe, alhali irin wannan aiki ta gajeren gefe ake juyawa. Ya gyara, aka sake ɗaya, sannan muka ce a saki sauran. Ya kuma ba mu shawarar rage baƙin da ke kan bango a daidai wurin ninki, domin tawadar fotokofi a kan kwali takan tsage idan aka lanƙwasa. Ninki da ɗinki a cibiya muka yi su, a jere a kan dogon tebur: masu tara fallaye, masu ninkewa da gefen rula, mai sitefula, sai mai dubawa ta ƙarshe da ke ƙirga shafuka. Sitefula ta gama-gari ba ta kai tsakiyar falle, shi ya sa ake neman mai dogon hannu. Da ƙusoshinta suka ƙare, ragowar da allura da zare muka ɗinke su, huda uku a kan ninki, su ne ma aka fi rububi. Fallayen ciki sukan ɗan leƙo waje idan an ninke, a shafi 20 abin kaɗan ne, muka bar shi ba yanka.

An tambaye ni batun lamba, ko sai an yi rajista. ISBN, wato lambar shaida ta duniya da ake bugawa a jikin littafi, ta littafi ce, mai lamba 13. Abin da ke fitowa a kai a kai ISSN ake ba shi, mai lamba 8, kuma cibiyar ƙasa ke bayarwa, wadda galibi tana babban ɗakin karatu na ƙasa, uwar cibiyoyin kuma tana Paris. 'Yar mujalla mai kwafi 100 da za a raba hannu da hannu ba ta bukatar ko ɗaya kafin ta fita, sai dai dokar ajiye kwafi a ɗakin karatu na ƙasa da ta rajistar jaridu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a tambayi ma'aikacin laburare mafi kusa. Namu ya karɓi kwafi biyu ya sa a kanta, ya kuma nemi mu riƙa rubuta lambar fitowa da wata da shekara a bango, abin da muka ƙara da hannu a kan kowane kwafi.

Wajen rabawa, kowane mai aiki a ciki ya fara ɗaukar uku kafin kowa, ɗaya nasa, ɗaya na gida, ɗaya na wanda ya ga dama. Cibiya ta karɓi goma, muka ware biyar ba a taɓa su, sauran aka raba a ɗan taron da matasan suka karanta ayyukansu da bakinsu. Rahoton da na kai shafi biyu ne: takardar halarta ta kowane zama mai sa hannun yaran, rasit a jere bisa kwanan wata da jimillarsu, hotunan waɗanda iyayensu suka yarda kawai, da kwafi ɗaya na mujallar. Akanta ya mayar mini da rasit ɗaya saboda ba sunan shago a kansa, na koma aka buga masa hatimi, sannan kashi na biyu ya fito. Ainihin shafukan hannu da fayil ɗin PDF da samfurin farar takardar nan mai lambobin shafuka suna cikin jaka ɗaya a kabad ɗin cibiyar, kuma editocin fitowa ta biyu, waɗanda ƙungiyar ta riga ta zaɓa, su za su cike fom ɗin da kansu, ni da malamar mu sa hannu a gurbin manya.